Littafi na Biyar

A tashar Dutsin-Ma, motar Kurfi saura mutum biyu ta cika. Wani dattijo ya tsaya a kan wata budurwa mai kallon waya.

"'Yan mata, ba za ki shiga ba?"

"Sai na gama babin nan, Baba. Labarin matattun da suka ƙwace duniyar wata ne."

"Ƙarya zalla! Na nawa kike?"

"Na biyar."

"Sarauniyar ta fito daga rijiyar?"

"Au, ka san shi?"

"Ɗiyata Lubna ke karanta mani. A na huɗu muka tsaya ta tafi karatu Zariya. Ni ban yi boko ba."

Direba ya danna hon.

"Rabu da shi, akwai wata motar. Matsa in zauna. Faro daga farko, ki ɗaga murya."