Asabar Ɗari Shida da Ashirin da Huɗu

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma shugabar ɗakin karatu wadda ta buɗe mana ƙofa, matar yayana wadda ta zame mana uwa, abokaina tara da suka amsa kira, iyayena, 'yan'uwana maza da mata, da maƙwabtan da suka zo ganin ko da gaske ne mun zautu, ina yi muku sallama, ina yi muku barka da zuwa.

Ina gode wa shugaba da ta ba mu ɗakin sama, ta ce ba za a taɓa shi ba har mu gama. Ina gode wa kafinta da ya haɗa tebura shida suka zama ɗaya. Ina gode wa mai shara, wanda ya yi alkawarin tsintsiyarsa ba za ta kusanci teburin nan ba.

Ni direban babbar mota ne, shekara talatin da ɗaya ina kan hanya kafin na ajiye tuƙi. Ban saba tsayawa gaban jama'a ba, don haka a yi mini haƙuri. Abu uku zan faɗa.

Na farko, mene ne wannan abin da ke ƙarƙashin ƙyalle? Wasa ne na yaƙi, wanda marigayi yayana, safiyo mai zanen taswira, ya yi shekara ashirin da biyu yana ƙerawa a ɗakin bayan gidansa. Ya ƙirƙiri ƙasashe biyu da babu su a duniya, ƙasar Tudu da ƙasar Kogi, ya zana musu duwatsu da gadoji da rijiyoyi, har da hanyoyin da ke lalacewa idan an yi ruwa. Ya yanka gutsattsarin kwali dubu biyu da ɗari huɗu, kowanne da lambarsa: wannan runduna ce, wannan mota ce, wannan asibitin tafi-da-gidanka ne. Ya rubuta dokoki da hannunsa, littafi uku. A wasan nan soja ba ya harbi sai ya ci ya sha. Ruwan da ke cikin ganga yana raguwa idan rana ta yi zafi. Rundunar da ta yi mako takwas wasiƙar gida ba ta iso mata ba, ƙarfinta ya ragu. Ranar da muka shimfiɗa taswirar nan gaba ɗayanta, mu goma muka tsaya a kanta muna kallo. Can sai abokinmu mai kemis ya cire tabarau ya ce, "Mutum ɗaya ne ya yi wannan?"

Mutum ɗaya ne. Kuma bai taɓa ganin an buga shi ba.

Na biyu, tsawon lokacin da za mu yi muna buga shi. Ɗaya daga cikinmu, hedimasta mai ritaya, ya zauna da biro ya yi mana lissafi. Yaƙin shekara uku ne. Kowane mako guda na yaƙin zai ci mana Asabar huɗu. Jimla, Asabar ɗari shida da ashirin da huɗu, wato shekara goma sha biyu, idan babu ciwo, idan babu tafiya. Da ya faɗi haka, dukanmu muka juya muka dubi abokinmu mai aski, domin shekararsa saba'in da takwas. Ya gane abin da muke tunani. Ya ce, "Me kuke kallona? Ni ban ce zan ga ƙarshensa ba. Cewa na yi a ba ni gadar nan in tsare." A ranar muka yanke cewa kowannenmu zai zaɓi magaji, ya koya masa kujerarsa, ya nuna masa littafin da yake rubuta motsin rundunarsa. Mai aski ya zaɓi surukarsa, ya ce ta fi ɗansa haƙuri. Ga ta can a layi na biyu, ta riga ta karanta littafi na ɗaya sau biyu.

Na uku, kuma shi ne mai nauyi a wurina. Shekara da shekaru, duk sanda na dawo daga tafiya, Yaya zai tare ni da tambaya. "Idan mota ta ɗauki kaya ta hau tudu, mai nawa take sha? Taya tana yin kwana nawa a kan tsakuwa? Lagireto fa, sau nawa kake zuba masa ruwa?" Ina ba shi amsa ina cire takalmi, ko dubansa ba na yi. Sau ɗaya ya ce, "Zo ka zauna mu gwada, ko na awa guda ne." Na yi dariya na ce, "Haba Yaya, ni da na tuƙa ta gaske, me zan yi da motar kwali?" Bai ƙara tambayata ba.

Bayan rasuwarsa matarsa ta kira ni in kwashe akwatuna. Na buɗe littafi na biyu, babin sufuri, shafi tamanin. A gefen kowace doka ya rubuta da jan biro: "Ƙanena ya ce." Ƙanena ya ce mota ba ta tafiya da sauri a yashi sai an rage iskar taya. Ƙanena ya ce direban da bai yi barci ba ya fi abokin gaba haɗari. Maganganun da na yar a bakin ƙofa, shi ya tsince su ɗaya bayan ɗaya ya adana. Na zauna a ƙasa cikin ƙura, ina ta karantawa har matarsa ta shigo ta same ni.

Don haka ban nemi kujerar babban kwamanda ba, na bar wa hedimasta da nas ɗin da ke cikinmu su fafata. Ni motocin ƙasar Tudu aka ba ni. Ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe biyu na rana, motar farko za ta tashi da ganga goma sha biyu na ruwa. Tafiyar da za ta yi a taswira ba ta wuce faɗin yatsa uku ba, kuma ban taɓa jin tsoron wata hanya kamar yadda nake jin tsoron wannan ba.

Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka makwancinsa. Allah ya ba mu lafiya da tsawon rai, ya ba magadanmu juriya. Allah ya sa yaƙinmu ya tsaya a kan tebur, kada ya bi mu gida. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.