Mai Lamba Huɗu Bai Rera Take Ba

A tashar motar zuwa Gyumri da ke Yerevan, babban birnin Armeniya, Hrayr, ɗan wasan baya mai lamba huɗu na ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, ya ja hula ya rufe fuska. Wani dattijo mai kwandon inabi ya zauna kusa da shi, suna jiran mota ta cika.

"Samari, ka kalli wasan jiya? Mai lamba huɗun nan da suka kwaso daga Marseille ta Faransa, ana taken ƙasa ya yi gum kamar an ɗinke masa baki."

"Wataƙila ya iya, Baba."

"Ya iya me? Riga ya zo nema. Da Faransa ta kira shi, ko ƙeyarsa ba za mu gani ba."

"A can ɗan Armeniya suke ce masa, nan kuma Bafaranshe."

"To ya buɗe baki mana, mu san namu ne."

"Kakarsa ce ta koya masa taken, tana gasa burodi. Ta rasu kafin a kira shi. In ya fara, ba zai kai ƙarshe ba."

Dattijon ya ce, "Jikana yana Rasha. In na buga waya, uwarsa ke mana tafinta." Ya miƙa masa inabi. "Wajen wa za ka a Gyumri?"

"Ba kowa. Sunan unguwarsu kawai kakata ta bar mini." Hrayr ya nuna masa wata tsohuwar takarda.

Dattijon ya karanta, sannan ya leƙa fuskar da ke ƙarƙashin hular.

"Girgizar ƙasa ta shafe unguwar nan tun ba a haife ka ba, ɗana. Amma matso, zan nuna maka inda take a da."