Facin da Na Yi wa Kaina

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu, wanda ya gan ni a inda nake ɓuya bai kuma yar da ni ba. Sunana Ishaya. Da yawanku kun saba ganina a benci na ƙarshe, bakin ƙofa. Ba tawali'u ya kai ni can ba. Gudu nake kada ku ji warin da ke jikin rigata.

Ni mai facin keke ne a Ƙofar Wambai. Shekara tara ina zaune gaban shagon Malam Iro, mai sayar da kayan keke. Dattijon nan ya san ni Kirista ne, bai taɓa canza mini fuska ba. Aikin faci ba wuya. Ka hura tub, ka tsoma shi a kwanon ruwa, inda kumfa ta taso nan hujin yake. Ka kankare wurin, ka shafa sholisho, wato gam ɗin faci, ka bari ya sha iska, ka manna.

Sholishon nan shi ya zama ubangidana. Na fara shaƙarsa a tsumma da wasa, har ya zama ba na iya wuni babu shi. Gwangwanin da zai yi kwana goma, kwana uku ya ƙare. Don ya ishe ni, sai na riƙa shafa wa tub ɗin mutane ɗan kaɗan, kamar mai tsoron taɓawa. Mutum ya hau kekensa, kafin ya kai Ƙofar Mazugal iska ta sace. In ya dawo in ce, "Ƙaya ka sake takawa, Malam." Ƙarya nake yi! Ubangiji ya gafarta mini.

Bayan sojoji sun koma bariki an rantsar da farar hula, gari ya cika da taruka, kowa yana neman a san da shi. Sai wani kulob na masu keken tsere ya shirya gasa mai hawa uku: a yi iyo a ƙetare wani dam a wajen gari, a hau keke a dawo Kano, sannan a yi gudu da ƙafa har Ƙofar Kabuga. Keke da gudu kam na iya. Na buga ƙirji a gaban jama'ar kasuwa na ce zan shiga.

Malam Iro ya dube ni. Ya ce, "Ishaya, ka iya ruwa?"

Na ce, "Baba, ai a ruwa aka yanke mini cibiya."

Ya ce, "Kududdufin bayan ganuwa ba dam ba ne. Dam ba ya jin cika-baki."

Duk da haka ya ara mini keken tsere, ya ce zai jira ni a Kabuga. Gaskiyar magana, iyona bai wuce na kududdufi ba, inda in ka gaji sai ka dire ƙafa.

Sai Shaiɗan ya kawo mini dabara irin ta sana'ata. Zan hura tub ɗin keke, in naɗa shi sau biyu a ƙirji, in rufe da babbar riga. Ana gobe gasa na ɗauko wani tsohon tub mai huji ɗaya. Na buɗe gwangwani, na tarar na shaƙe kusan duka. Na lakato ɗan abin da ya rage na shafa, na manna tun bai sha iska ba. Hannun da ya saba ha'inci bai san ranar da yake wa mai shi aiki ba.

Na tsoma shi a kwano. Kumfa ɗaya ta taso, 'yar ƙarama kamar ƙwayar gero. Na gan ta da idona. Na kau da kai.

A gida matata Saratu ta tsinci tub ɗin cikin jakata. Ta ce, "Maigida, wannan fa? Ba ka ce keken Baba Iro sabo ne ba?" Na daka mata tsawa. Ba ta rama ba. Ta ce, "To zo mu yi addu'a." Na ce ba ni da lokaci. Ina fita da safe na bar ta durƙushe a bakin gado.

Ruwan dam ɗin ya yi duhu, ya yi shiru. Tsallaken ma da ƙyar ake hango shi. Aka busa usur, muka faɗa. Da farko tub ya ɗauke ni, har na fara murmushi. Can muka yi nisa, sauran suka wuce suka bar ni, babu kowa kusa sai wani masunci can gefe cikin kwalekwale, wanda aka sa ya riƙa lura da mu.

Sai na ji wani abu yana tafiya a ƙirjina, yana hawa wuyana. Kumfa.

'Yan'uwa, shekara tara ina karanta kumfa. Na san ta ƙaya, na san ta ƙusa, na san ta facin da ya ɗaga. Wannan ta faci ce, kuma na san ko minti biyar ba za ta kai ba. Na dire ƙafa kamar yadda na saba. Babu ƙasa! Tub ya saki, babbar rigar ta naɗe mini hannu. Na sha ruwa, na taso, na sake nutsewa. Fuskokin mutanen da na cuta suka riƙa zuwa mini, har wani tsoho mai tallan madara da na sa ya tura kekensa cikin rana.

Ban iya doguwar addu'a ba, kuma babu numfashin yin ta. Da na taso karo na uku na yi ihu, "Yesu, ni ne! Ni na yi! Ka cece ni!" Daga nan ruwa ya rufe ni.

Abin da na sani kawai, wani abu ya shaƙe ni a ƙirji, aka fizgo ni sama. Masuncin nan ne ya saƙala ƙugiyar sandarsa a jikin tub ɗin. Da abin kunyata aka jawo ni. Halleluya!

Ina kwance cikin kwalekwale ina amai, ya warware tub ɗin, ya sa farce, facin ya ɓare kamar ɓawon albasa. Ya ce, "Kai, bawan Allah! Wane mara tsoron Allah ne ya yi maka wannan aiki? Ai kashe ka ya so yi."

Na ce, "Ni ne."

Ya ɗauki sandarsa ya tuƙa mu har gaɓa.

Keken nan ban hau shi ba. A bayan motar masu gasa aka dawo da ni. Malam Iro yana Ƙofar Kabuga har bayan la'asar yana duba fuskokin masu gudu. Na durƙusa gabansa na faɗa masa duka, har da tsumman. Ya ce, "Warin kam na daɗe ina ji. Jira nake ka faɗa da bakinka. Tashi ka tafi wajen iyalinka."

Ba zan ce muku abin ya bar ni rana ɗaya ba. Na yi makonni kaina yana sarawa. Sau ɗaya na koma ga tsumman, Saratu da Fasto suka ɗaga ni da addu'a. Har yau gwangwanin nan yana buɗe gabana kullum, don da shi nake cin abinci. Amma yanzu a kan tub yake ƙarewa. Duk wanda na tuna na cuta, na sake masa faci kyauta, na kuma gaya masa ba ƙaya ba ce.

Ga tub ɗin, na zo da shi. Ku miƙa wa juna ku ga wurin da ya ɓare.

Godiya ta tabbata ga Ubangiji Yesu da ya ji ihun mayaudari a tsakiyar ruwa. Ɗan'uwa, in akwai 'yar kumfar da ka gani ka kau da kai, kada ka jira sai ka je inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Ka kira shi yau, tun kana kan tudu. Zai amsa. Amin.