Abin da Ya Fara Tarye Ni

A tashar motar Wushishi da ke Minna, da rana tsaka, Hajiya Zuliha na jiran saƙo. Mota biyu ta cika ta tashi, mutumin da ke gefenta bai motsa ba.

"Bawan Allah, ba tafiya za ka yi ba?"

"Gida nake tsoro, Hajiya. Kwana uku ke nan ina zuwa ina fasawa."

"Gidanka?"

"Matata aka yi wa aiki a asibiti. Na durƙusa na ce, Ubangiji, in ta tashi, duk abin da ya fara tarye ni daga gidana naka ne. Ta kuwa tashi. Ran Lahadi sai fasto ya karanta mana labarin Yefta a Littafi Mai Tsarki. Irin alkawarina ya yi. 'Yarsa tilo ce ta fito masa da rawa."

"Subhanallahi! Yanka mutum za ka yi?"

"Ni ba zan taɓa kowa ba. Amma wanda na yi wa alkawari ya san hanyar karɓar kayansa."

"To ka buga waya mana, su saki akuya a ƙofa."

"Na buga. Na ce su kulle 'yata Rifkatu a ɗaki. Ita kaɗai gare ni."

Hajiya ta kai dubanta can bayansa.

"Rifkatun nan, tana da jan ɗankwali?"

Bai juya ba. Ya runtse ido, ya toshe kunnuwansa da hannu biyu.

"Baba!" in ji wata yarinya mai jan ɗankwali, ta taho da gudu.