Mahaɗin Baba Maikano

Marta: Baba Maikano, ina kwana? Marta ce, ta jami'a.

Maikano: A'a, 'yata mai ɓeraye! Kin tashi lafiya? Ya Wudil?

Marta: Lafiya lau. Ya mutanen Utai? Ya Inna Mairo da ƙafa?

Maikano: Da sauƙi. Ya gajiya?

Marta: Gajiya kam akwai ta. Baba, kan garin ɓawon hanon nan ne.

Maikano: Hannun wa?

Marta: Hano, bishiyar nan! Garin da nake gwadawa a ɗakin bincike. Na farkon da ka ba ni, duk ɓeran da muka kumbura wa ƙafa muka ba shi, cikin awa uku kumburin ya saɓe. Wata bakwai ina rubutu a kansa. Na biyun kuwa, ɓera talatin, ko ɗaya bai nuna alama ba. Ranar Alhamis zan tsaya gaban malamai.

Maikano: Ai dole. Na biyun Mairo ce ta daka, ina kasuwa. Ba ta sa mahaɗi ba.

Marta: Ba ta sa me ba?

Maikano: Mahaɗi. Kina ji na?

Marta: Ina ji. Baba, zalla fa na ce maka. Hano zalla!

Maikano: Kin faɗa. To amma baƙuwa ta taso takanas har gidana, in sallame ta da ɓawo tsura kamar mai sayar da itace? A ce daga hannun Maikano ya fito?

Marta: Wayyo Allah. Shafi ɗari da ashirin, kowanne hano na rubuta.

Maikano: Ai akwai hanon a ciki.

Marta: To me da me ka zuba? In na sani, ko taken aikin sai in roƙa a sake min.

Maikano: Abu uku ne.

Marta: Na ɗauko biro.

Maikano: Ajiye shi. Mairo ma, shekara arba'in muna tare, ba ta sani ba. Shi ya sa ba ta sa ba.

Marta: Baba, don Allah. Aikin shekara biyuna ke nan.

Maikano: Kwantar da hankalinki, 'yata. Ki zubo ɓerayen a kwali, ki hau mashin ki kawo min su. Ni zan ba su da hannuna, kafin Alhamis duk sun miƙe. Marta? Kina ji? Mairo, zo ki duba min wayar nan, ta yi shiru.