Maɓallin da Aulis Bai Gani Ba

Shugabar wannan taro, Uwargida Tellervo Kinnunen. Malamanmu na jami'a da suka cika kujerun gaba. Dattawan sana'a, waɗanda suke gina shafuka tun intanet na tafiyar hawainiya. 'Yan'uwana masu rubuta manhaja na birnin Tampere da kewaye. Da ku da kofi da burodin kirfa kaɗai suka kawo ku, ina gaishe ku baki ɗaya, barkanmu da war haka.

Sunana Outi Rautiainen. Ina godiya ga shugaba da ta ba ni minti goma, ina kuma godiya gare ku da kuka ratso ruwan saman nan kuka zo. Yau cike nake da murna, domin ban taɓa ganin lokacin da sana'armu ta yi daɗi kamar yanzu ba. Shafin da a da sai dai a karanta shi kamar takarda, yau muna sa masa 'yan layukan JavaScript sai ya motsa, ya amsa, ya tuna da mutum, kuma yana cikin aljihun kowa. Amma kafin in faɗi abin da ya kawo ni, sai na fara tona wa kaina asiri.

Benen da nake zaune gida arba'in ne, sauna ɗaya gare mu a ƙarƙashin ƙasa, wato ɗakin wankan tururi, kowane gida da awarsa a mako. A da takarda ce manne a ƙofa, duk watan Satumba kowa ya sabunta sunansa, wanda bai sabunta ba awarsa ta zama ta mai rabo. Ni ce na miƙe a taron maƙwabta na ce takarda ta tsufa, zan gina mana shafi. Na kuwa gina shi, kuma wallahi ya yi kyau. In ka kai linzamin kwamfuta kan awarka, sai gurbin ya ɗago a hankali, maɓallin sabuntawa ya ɓullo daga ƙarƙashinsa. Na yi kwana uku ina gyara wannan ɗagowar kaɗai, ina kallo ina jin daɗin kaina.

Na gwada shi a waya? Na gwada, irin gwajinmu. Na kama gefen tagar burauza na matse ta har ta yi siririya, na ce ai ga waya nan. Kada kowa ya sunkuyar da kai, na san rabin ɗakin nan haka kuke yi. Komai ya yi aiki, domin tagar ta yi ƙanƙanta amma linzamin yana hannuna.

A hawa na biyu akwai wani dattijo, Aulis, tsohon ma'aikacin masaƙa. Shekara talatin da ɗaya awar ƙarfe shida ta ranar Asabar tasa ce. Ƙanensa Toivo yana gidan kula da tsofaffi tun da ɓarin jikinsa ya shanye, kuma motar gidan ranar Asabar kaɗai take kawo shi, daga biyar zuwa takwas. Aulis ne ke sauko da shi a keken guragu, ya zaunar da shi a bencin ƙasa, ya zuba ruwa kan duwatsu masu zafi, su sha tururi tare. In awar nan ta kuɓuce, Toivo ba shi da sauran sauna.

Tsakiyar Satumba Aulis ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Kun san mu, maƙwabci ba ya ƙwanƙwasa ƙofa sai in gobara ce. Ya ce ya duba wayarsa bai ga wurin sabuntawa ba. Na buɗe kwamfutata, na kai linzami, maɓalli ya ɓullo, na nuna masa da irin muryar da ake yi wa wanda ake ganin tsufa ya cim masa. Na ce ya je ya sake dubawa a natse. Ya dube ni, ya yi godiya, ya tafi. Ko tunanin in danna masa a lokacin ban yi ba, hankalina yana kan yadda gurbin ke ɗagowa.

Ɗaya ga Oktoba awarsa ta buɗe ga kowa. Cikin minti huɗu aka ɗauke ta. Wa ya ɗauka? Mijina, Jarkko, wanda ya shekara tara yana haɗiyar yawu kan shidan Asabar. Ya ga gurbi a buɗe, ya ɗauka tsohon ya haƙura ne, ya danna daga kwamfutarsa yana fito.

Ranar Asabar muka sauko da tawul a kafaɗa, sai ga Aulis a bakin ƙofar sauna, Toivo na cikin kekensa da damin ganyen da ake bugun jiki da shi cikin tururi a cinya. Aulis bai ɗaga murya ba. Ya miƙo mini wayarsa ya ce, “Yarinya, ke kika gina. Nuna mini da yatsanki.”

Jama'a, na taɓa, na danna, na shafa, na dangwala. Babu maɓalli. Linzami yana iya shawagi a kan abu ba tare da ya danna ba, shi kuwa yatsa ko ya taɓa ko bai taɓa ba. Duk mai waya kaɗai a benenmu bai taɓa ganin maɓallin nan a wayarsa ba, sauran irinsa sun lallaɓa ta kwamfutocin 'ya'yansu ne. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona.

Nan take Jarkko ya ce su shiga, shi ya fasa. Aulis ya girgiza kai ya ce, “Sunan wa ke kan jeri?” Jarkko ya ce nasa. Ya ce, “To awarka ce, shiga ka yi guminka. Ni ba alfarma nake nema ba. Matarka ta sa maɓalli, in danna da hannuna kamar kowa.” Muka yi magiya, Jarkko har yana cewa shi dama zafi ba ya yi masa daɗi, wanda ƙarya ce tsagwaronta. Tsohon ya juya keken ƙanensa suka hau sama. Mu ma ba mu shiga ba.

Daga wannan na fito da abubuwan da nake roƙonku.

Na farko, yatsa ba linzami ba ne. Duk abin da mutum ke bukata ya danna, a bar shi a fili, babba, inda babban yatsan tsohon ma'aikaci zai same shi ba tare da ya laluba ba. Ado ya zo daga baya.

Na biyu, shafi ya fara aiki tun kafin kwalliyarmu ta iso. Da na sauka ƙarƙashin ƙasa da wayata don gyara, sai na tarar da wata matsalar: bangon kankare ya danne sabis, rubutun manhajata mai nauyi ya ƙi saukowa, allo fari fat. Na rage shi, na sa sunaye da maɓalli su fara fitowa, motsi ya biyo baya in ya samu hanya. Ku zo ku ga yadda yake tashi yanzu. Ka danna, wayar ta ɗan girgiza a tafinka ta shaida maka an karɓa. Maƙwabci ya saki awarsa, nan take ta canza launi a wayoyin gida arba'in. Satumba ta kama, shafin da kansa zai tuna maka. Duk wannan da layuka ƙalilan, kuma shekara biyar baya ko a mafarki ba mu isa ba. Wannan shi ne zamanin da muka samu kanmu a ciki, kuma ni dai ina jin daɗinsa har cikin raina.

Na uku gajere ne: in mutum ya ce babu maɓalli, to babu maɓalli. Karɓi wayarsa ka duba.

Ranar Lahadi da hantsi na gama gyara. Jarkko ya saki awar, na sauka hawa na biyu, wannan karon ni na ƙwanƙwasa. Aulis ya sa tabarau, ya ɗora babban yatsansa, wayar ta girgiza, sunansa ya koma shidan Asabar. Ya ce, “To, ashe kin iya.” Asabar ta gaba na ji kukan keken Toivo yana sauka. Awar ta dawo, amma Asabar ɗin da aka mayar da shi mota da busasshen tawul, ba ni da layin da zan rubuta ya dawo masa da ita, kuma mutumin da ke ganin ɗan'uwansa sau ɗaya a mako ya san yawan Asabar ɗin da yake lissafi.

Saboda haka yau ƙungiyarmu ta buɗe abin da muka daɗe muna shiri. Ku waiwaya baya, ga teburi da wayoyi ashirin da uku, tsofaffi da sababbi, har da masu fasasshen allo. Kowane wata za a shimfiɗa shi, kowa ya kawo shafinsa a taɓa da yatsa. Mai farar hular nan da ke zaune a bakin teburin ya harɗe hannu, shi ne Aulis. Ya yarda zai gwada aikin kowa, kuma ina gargaɗinku, ba ya dariya don a ji daɗi. Ni zan fara shiga layi.

Allah Ya albarkaci wannan taro da waɗanda suka haɗa shi. Allah Ya sa aikin hannunmu ya sauƙaƙa wa mutane, Ya ƙara wa marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.