Rainon Sabuwar Motar Alhaji

Tunkiyar Inna ce ta biya mini kuɗin mota zuwa Ikko. Ita ta ja ta da hannunta har kasuwa, tunkiyar na waiwaye, ita ba ta waiwaya ba. A tasha ta ƙulle mini ƙuli-ƙuli a tsumma, ta ce abu ɗaya take so, ranar da zan dawo in dawo ina jan mota da kaina, ta leƙo ta gani. To ku da kuke damuna kullum in koya muku tuƙi ku tafi kudu, ku matso.

Ikko ba abin da kuke ji ba ce. A Agege na sami ɗaki, in ɗaki ne, gidan wata Iya mai sayar da barkono. Sunana bai taɓa zama a bakinta ba.

"Mala, kai ka jiƙa mini ƙofa?"

"Alwala na yi, Iya."

"Gobe ka je garinku ka yi."

Na yi karen mota har tafin hannuna ya zama kamar ƙirgi, na sami lasin, sai wani Alhaji dillalin shanu, mutumin Sakkwato, ya ɗauke ni direba. Lokacin ana bin hannun hagu, ba a daɗe da gama yaƙi ba.

Shekarar da ciniki ya yi masa kyau ya sayi sabuwar mota, fara sol. Da muka je ɗauka, Baturen kamfani ya zaunar da ni yana ta "ronin, ronin" ta hanci. Mu direbobi raino muke ce masa, don raino ne. Sabon inji jariri ne, ƙarafansa ba su san juna ba, sai sun goga juna a hankali. Ba gudu, ba kaya mai nauyi. In ka zo hawa ka sauke giya, kada ka bari ya yi nishi. Kada ka riƙe shi a tafiya iri ɗaya. Ka tsaya ya huce, ka duba ruwa. In an ɗan yi nisa a zubar da baƙin mai, za ka ga garin ƙarfe na ƙyalli a ciki. Kuma don ba su yarda da ƙafar direba ba, suka sa wani ɗan faranti a maƙogwaron kafireto, suka ɗaure da waya da dalma. Ko ka taka totur har ƙasa ba za ta yi gudu ba. In dalmar ta karye, kamfani ba ruwansu da motar. A gilashin baya suka manna rubutu, wai mai sauri ya wuce.

A makon ne Ɗan'asabe ya neme ni, wani Bakambaren Salka mai jan lodin dawa. Shi da ba ya magana sai da tsokana, ranar bai tsokane ni ba. Ya ce Inna na kwance, ba ta cin komai, sunana take kira. Ya ce da asuba zai juya, akwai wuri a gaba.

Na je na durƙusa wa Alhaji. Ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce ai Allah ya daidaita, jibi za a kai motar Sakkwato, kuma hanya ta garinmu Kontagora ta bi.

"Ranka ya daɗe, jibi da nisa."

"Kai yaro, wa zai raina mini ita? Ka fi so ka je wa tsohuwa a kan buhu, ko a sabuwar mota?"

Maganar da Inna ta yi mini a tasha ta faɗo mini. Na ce sabuwar mota.

Ya haɗa ni da ƙanensa Malam Sale, aikinsa kallon allurar gudu. Muka kama hanya kamar masu rakiyar amarya. Manyan motoci da lodi har sama suna wuce mu, yaran mota na leƙowa suna tambaya ko turi muke so. A Ilori muka yini ana juye mai. A gadar Jabba muka jira jirgin ƙasa ya gama ketarewa. Na tsaya ina kallon kogin Kwara, ruwa na tafiya abinsa, ba wanda ya ɗaure masa maƙogwaro.

A Mokwa, Malam Sale ya shiga cin tuwo, na buɗe bonet. Dalmar ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Filaya na hannuna, saura in tsinke wayar. Sai na ji shi a bayana, yana suɗe yatsa.

"Rai na hannun Allah, Habu. Wannan kuwa amana ce a hannunka."

Na rufe bonet.

Bayan la'asar muka shigo gari. Yara suka bi mu da gudu suna ihu, har da wasunku. Tun daga bakin lungu na hango tabarmi a ƙofar gidanmu, maza a zaune, takalma a jere. Da hantsi aka kai Inna makwancinta.

Na kashe mota. Aka yi mini gaisuwa, aka shafa fatiha. Ba a jima ba mutane suka fara tashi ɗaya-ɗaya suna zagaya motar, suna leƙa fuskarsu a jikin fenti. Kawuna ya roƙi a tayar ya ji. Malam Sale ya murɗa makulli. Kawu ya kara kunne, ya girgiza kai, ya ce bai taɓa jin inji mai lafiya irin wannan ba, ko tari babu.

Gaskiya ya faɗa. Na raine ta da kyau.

Na ce wa Malam Sale ya nemi wani a tasha ya ƙarasa da shi. An ce motar na nan a Sakkwato, ba ta taɓa kwana a gareji ba. Ni kuwa ga ni nan ina facin taya, kuna gani. Duk motar da ta wuce da rubutun nan a baya, nakan sunkuyar da kai har ta ɓace. Kuma ba ta saurin ɓacewa.